Tsagar da Na Shafe da Ƙaro

Maigidana Audu, kafin gaisuwa ga ka-cici-ka-cici. Tunda an ce kai ne malamin makaranta mai tsare yaran mutane da tambaya, yau ni ma bari in tsare ka. Wani abu ne, ba shi da amfani sai an yanke mashi baki, an zuba ruwa cikinai ya ruɓe, an ƙwaƙule duk abin da ya tara an zubar, an bar shi rana ya bushe. Shi kanshi ba shi da hannu ba shi da ƙafa, amma ƙaton namiji zai kwanta bisanai ya ƙetare gulbi. Mi ne ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka tun kana satar ƙanzo a tukunyata. In ka kasa ka ba ni gari, kuma ni zan zaɓi garin.

To, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar matar da anka bari gida ba ko kuɗin goro. Allah ya sa ka sauka Birnin Kebbi lafiya, Allah ya sa ɗakin da anka samo maka a unguwar Nasarawa ba ya yoyo, Allah ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoron Allah da yara masu jin magana. Wagga takarda da hannuna na rubuta ta, kwana huɗu ina fama, da bokon da na koya ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu ta can takan ce rubutuna kamar kaji sun yi faɗa bisa yashi. In ka ga kuskure kada ka ɗauko jan alƙalaminka, ni ba ɗalibarka ba ce. Na cusa ta ƙarƙashin busasshen kifin da na ɗaure maka, don na san nan ne hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gari zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Ka ce wa kowa kai ka nemi a maishe ka Birnin Kebbi don can aiki ya fi ci gaba. Kowa ya ce madalla. Ni na goye ka a bayan nan nawa, ba ka iya yi mani wayo. Gudu kake yi. Wata takwas ke nan da rasuwar matarka Safiya, Allah ya jiƙanta, kuma tun ranar ba ka sake shiga ɗakinta ba. Jaririyar da ta bari, takwarata Hajo, ga ta nan ta fara rarrafe, haƙora biyu sun fito, ba ka taɓa ɗaukarta ba. In anka miƙo maka ita sai ka sunkuyar da kai ka ce kunyar 'yar fari kake ji, tsofaffi su yi ta yabonka wai yaron ga akwai alkunya. Na kuma ji ka ce wa uwarka Rabi ba ka komowa sai babban hutu, in ma ka komo. Abin da ya hana ni sakewa ke nan, Audu. Ina tsoron takwarata ta tashi ta san ubanta a hoton da ke bango kawai.

Ba faɗa zan yi maka ba. Wautata zan ba ka labari, don duk hanyar da kake bi na riga ka bin ta, kuma ni da ƙafa na bi, kai ko a mota.

Ka sani ni ɗiyar manoman albasa ce daga Augie, anka kawo ni Argungu gidan masunta. Ban san komai na ruwa ba. Matan gidan in sun so dariya sai su ce, "Ku kira 'yar albasa ta faɗa mana sunan kifin ga." Ni ko in ce sunanai kifi. Kakanka mutumin kirki ne, amma bakinai kamar hadarin bazara, tsawa da yawa ruwa kaɗan. Na haifa mashi namiji na fari, sannan uwarka. Kai ba ka san wanga kawun naka ba, an dai ce maka ruwa ya ci shi. Yau za ka ji yadda anka yi.

Da yaron ya kai shekara tara, kakanka ya gyara mashi ƙaramin gora na koyon su, daidai cikinai. Wata guda shina fama da shi, shina shafawa shina ƙwanƙwasawa, kai ka ce amarya zai kai. Wata safiya ina daka, goran na jingine kusa da turmi, taɓarya ta kuɓuce mani ta sauka bisanai. Tsaga ta fito daga ƙasa, tsawon ɗan yatsana. Abin da ya kamata in yi shi ne in faɗa, a kira gyartai ya ɗinke ko a sake wani. Amma na tuna tsawar kakanka, na tuna dariyar matan gida. Sai na jiƙa ƙaro na kwaɓa da toka na shafe tsagar sumul, na juya ta wajen bango. Har ina yaba wa kaina dabara. A Augie da ƙaro muke liƙe ƙwaryar awo, ta shekara ba abin da ya same ta, don gero ba ya jiƙa ta. Ban tsaya na tuna cewa da ruwa na narkar da ƙaron nan da hannuna ba.

Kwana uku bayan nan, gulbi ya cika har ya shafe fadama, yaron ya ɗauki goranai ya bi abokanai. Sai bayan kwana biyu masunta sunka same shi can ƙasa, sunka kawo shi.

Ga nasiha ta farko, maigida. In ka fasa abu, ka faɗa tun rana ba ta yi zafi ba. Tsawar da nake gudu da ta wuce kafin azahar. Ka riƙe wannan a wurin aikinka da wurin mutane. Amma ba don ita na ɗauki alƙalami ba, bi ni a hankali.

Kuskurena na biyu, ban yi kuka ba. Ka san al'adarmu da ɗan fari. Shekara tara ban taɓa kiran sunanai ba, sai "kai yaro" ko "wancan". Ban taɓa ɗora shi bisa cinya gaban mutane ba. To da ya rasu sai na shige cikin kunyar nan na ja ta na rufa. Mata na zuwa gaisuwa suna sharar hawaye, ni ina zuba masu ruwa ina cewa sai haƙuri. Sunka fita suna cewa, "Kun ga Hajo? Dutse ce. Wagga ita ce mai tawakkali." In faɗa maka gaskiya, yabon ya yi mani daɗi. Na sa shi kamar sabon zane. Alhali abin da ya ɗaure mani ido tsoro ne: na ga in na buɗe baki da kuka, maganar tsaga za ta biyo baya. Don haka in ka sunkuyar da kai ana yabon alkunyarka, ni ina daga gefe ina kallonka, na san zanen, ni na fara ɗaura shi.

Kuskure na uku shi ne naka na yanzu. Da anka yi sadakar arba'in na ce wa kakanka ina son in je ganin Goggo Dije a Birnin Kebbi, kwana bakwai. Ya bar ni in tafi ba tsawa ko ɗaya, shi da ba ya rasa magana. Anka ce in shiga jirgin ruwa, na ce ko a kashe ni. Na bi ayarin masu jakuna, kwana biyu a hanya, ƙafafuna sunka kumbura. Uwarka tana da shekara bakwai, ta biyo ni har bakin gari tana riƙe da gefen zanena. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na ce ta koma zan sayo mata awarwaro. Kwana bakwai sunka zama wata takwas.

Kuma ka ji wautar: washegarin saukata na fita bayan gida na hangi ƙasa, sai ga fadama shimfiɗe, ga gulbi na walƙiya. Na tambayi Goggo wane ruwa ne wancan. Ta ce, "Naku ne mana, daga Argungu ya gangaro." Na sha wahalar kwana biyu na gudu zuwa garin da gulbin ya riga ni isa. Kai ma ka fita ka duba, shina nan shina jiranka. Abin da ka baro a ɗakin Safiya ya riga motarka sauka.

Goggo Dije ƙanwar ubana ce, mijinta Malam Tukur, malami ne mai karantar da manya. Gajere, ga ƙaton rawani, in ya taho kamar rawanin ne ke tafe da shi. Ni ko a gidan na zama mai ba mata dariya. In ya fita sai in naɗa zane bisa kai in riƙa kwaikwayon muryatai, "To, jama'a, ku saurara da kyau," mata na faɗuwa suna riƙe ciki. Wanda ya gan ni sai ya ce na warke. Ban cin kifi, ban zuwa ɗibar ruwa, in anka ambaci Argungu sai in tashi in shiga madafa.

Da azumi ya kama, Malam ya fara tafsiri a ƙofar gida bayan la'asar. Maza na zaune ƙarƙashin itacen bedi, mai jan baƙi na jawo aya, Malam na fassarawa. Mu mata muna bayan bangon zaure muna aikin buɗa baki, muna ji ta ƙofa. Nan na yi kuskure na huɗu, kuma shi ne wanda nake so ka fi lura da shi. Na riƙa sauraren karatu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa: shinkafar nake zubarwa ina tara tsakuwar. In anka zo wurin rahama da gafara sai in ce wannan na mutanen kirki ne, in ci gaba da tankaɗe. In anka zo wurin azaba sai in ajiye rariya in buɗe kunne, in ce yauwa, ga nawa. Ni na yanke wa kaina hukunci, na zo karatu neman shaidu kawai. Na lura azumin da ya wuce ko sau ɗaya ba ka je tafsiri ba, kai da kake rigan kowa shimfiɗa buzu. Ina jin abin da kake tsoron ji ke nan.

Ran nan, azumi ya yi nisa, ina dama fura, Malam ya iso labarin uwar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata gare shi. Yadda azzalumin sarki ke yanka jarirai maza, yadda anka sanya wa uwar a zuciya ta shayar da ɗanta, in ta ji tsoro ta sa shi a akwati ta jefa a kogi. Malam ya ce, "Jama'a, ku duba, da hannunta ta sa shi ruwa." Ludayi ya tsaya a hannuna. Ya ci gaba har inda anka mayar mata da shi ta rungume abinta. Maza na cewa Allahu akbar. Ni ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba, da ƙarfi, har ƙofar gida:

"Malam, ita ai an mayar mata da nata!"

Mai jan baƙi ya sarƙe da tari. Goggo Dije ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Hajo, a gidan ga? Gaban maza? Rufa mani asiri!" Ta jefe ni da faifai. Wata tsohuwa ta ce aljanun ruwa ne sunka biyo ni, a kawo hayaƙi. Malam ko ya ce wa mai jan baƙi, "Ja mu tafi." Sunka ƙarasa karatun ranar kamar ba a yi komai ba.

Da jama'a sunka watse, rana ta yi ja ba ta faɗi ba, ya shigo ya zauna bakin zaure ya cire rawanin ya ajiye bisa gwiwa. Ranar na fara ganin kan nan, ashe sanƙo ne tas. Ya ce, "Ina mai gardamar? Hajara, matso." Na matso na durƙusa.

Ya ce, "An ce kin iya muryata. Wata rana kya yi mani in ji." Goggo ta rufe fuska. Ya ce, "Kin ji farkon labari, kin ji ƙarshe, kin tsallake tsakiya. Da gari ya waye bayan ta sa shi ruwa, yaya anka ce zuciyarta ta kasance?"

Na ce ban ji wurin ba.

Ya ce, "An ce ta wayi gari zuciyarta wayam. Malamai sun ce ba abin da ya rage ciki sai tunanin ɗanta. Har ta kusa fita ta tona kanta da kanta. Uwar annabi ke nan, kuma an riga an yi mata alkawari. Ba a ce ta zama dutse ba. To mi ya riƙe ta?"

Na ce, "Ƙarfin halinta."

Ya ce, "A'a. An ce Allah ne ya ɗaure mata zuciya. Ɗaure mata anka yi, ba ita ta ɗaure ba. Ke wata nawa kina ɗaurin taki da igiyarki, kin ga ta ɗauru?"

Audu, nan abin ya ɓalle. Na faɗa mashi komai, taɓarya, ƙaro, toka, bango. Na ce, "Malam, ni na kashe shi." Shi ko ya dube ni ya dubi ƙwaryar furar da na bari buɗe, ya ce, "Dubi furarki." Na duba, ƙudaje uku na iyo ciki. Ya ce, "Ke da ba ki iya tsare fura daga ƙuda ba, ke ce mai riƙe rai da sakinsa? Kin ɓoye tsaga, wannan laifinki ne, ki nemi gafarar Allah, ki kuma faɗa wa mai goran. Iyakar kayanki ke nan, ki ɗauka. Amma kwanan yaro an rubuta shi tun ba a shuka goran nan ba. Wannan ba kayanki ba ne, ki sauke."

Na ce, "To nawa fa? Ita an mayar mata."

Ya ce, "Ban iya yi maki alkawarin da ba a yi maki ba. Ba zai shigo ta ƙofar ga ba. Amma Wanda ya riƙe nata bisa ruwa, shi ya karɓi naki. Ba hannun gulbi ya faɗa ba. Yaro ne bai balaga ba, ba a rubuta mashi zunubi ko ɗaya ba, muna kyautata zaton shina inda ya fi ɗakinki daɗi, kuma akwai ranar saduwa. Mi ne ne sunanai?"

Kunya ta kama ni, ga Goggo zaune. Ya ce, "Nan ba kasuwa ba ce. Faɗi." Na faɗa. Karo na farko a rayuwata, shekara tara shina raye ban kira ba sai da ya tafi. Umaru. Ka gani, na rubuta maka shi da hannuna. Na yi kukan da har anka kira sallar magariba ban san an kira ba, Goggo ce ta ɗura mani furar, da ƙudajenta ina jin.

Kafin ya tashi ya ce, "Saura guda. Uwar nan da zuciyarta ta zama wayam, ba ta kwanta ta juya wa duniya baya ba. Ta waiwaya ta ga tana da ɗiya, ta kira ta ta ce ta bi sawun ƙanenta. Ta hanyar yarinyar nan anka mayar mata da sanyin idonta. Ke an ce kina da ɗiya a Argungu. Wa ke yi mata kitso?"

Ban jira salla ba. Kwana biyu bayan nan na shiga jirgin ruwa, ni da na rantse. Na runtse ido har rabin hanya, sannan na buɗe ɗaya.

Na iske uwarka bakin turmi, kanta duk ya cukurkuɗe, ta rame. Ta dube ni ta ɓuya bayan rumbu. Awarwaron ma na manta ban sayo ba. Wata guda ina lallashi kafin ta yarda ta kwanta kusa da ni, kuma har yau in za ni unguwa sai ta ce, "Inna, yaushe za ki komo?" Mace mai jika! Kana jin tana yi, kana dariya, ba ka san daga inda ta samo ba. Wannan tabon ni na yi shi, kuma shi ne nake roƙon kada ka yi wa takwarata.

Sai maganar kakanka. Na same shi da hantsi a zaure shina ɗinkin homa, ragar kamun kifi. Na durƙusa na ce ina da magana, in ya ga dama ya sake ni bayan ya ji. Na faɗa mashi. Ina jiran tsawa. Sai na ga allurar ta faɗi daga hannunai. Ya ce, "Hajo, ai na gani." Na ce mi ka gani? Ya ce, "Tun ranar da kinka shafa na gani. Wa zai shafa toka a gorana in kasa gani? Dariya ma na yi, na ce aikin 'yar albasa ke nan, bari in bar ta kwana biyu tana zaton ta yi wayo, sannan in tsokane ta gaban mata. Na ce zan rataye shi sama inda yaron ba ya kaiwa. Na manta. Wata tara ke nan ina cewa ni na kashe shi, kuma na zaci kin gane, shi ya sa kinka bar ni."

Ka ji fa. Mutum biyu, gora ɗaya, kowa ya ɗauke shi dukanai ya kai wani gari shina nishi shi kaɗai. Munka zauna nan munka yi kuka, har maƙwabci ya leƙo ya tambaya wa ya rasu kuma. Kakanka ya daka mashi tsawa, na ce alhamdulillahi, maigida ya warke.

Yanzu kai. Na san abin da kake taunawa. Ranar da naƙuda ta kama Safiya ka tafi Augie taya dangina cirar albasa. Ta ce maka cikin wasa kada ka tafi yau, ka ce ai saura sati biyu, ka tafi, ka komo ka iske an gama. Tun ranar kake cewa da ban tafi ba. To bari in ba ka naka rabon na labari. Uwarka ma tana cewa da ta sa an nemo mota tun da safe. Ungozoma ta zo ɗakina sau biyu tana kuka. Ni kaina da na ga jinin na ce a ƙara jira kaɗan, haka ake yi. Kowa a gidan ga na ɗauke da goranai a ɓoye. Kai kaɗai ne ka ɗauki naka ka shiga mota. In akwai abin da ya zama laifinka, ɗan kaɗan ne, ka nemi gafara a kai ka ajiye. Sauran ba hannunka yake ba, ba hannunmu yake ba.

Kada ka zaci daga ranar nan na zama waliyyiya. Kwanciyar rai ba ta zo mani rana ɗaya ba. Ta riƙa zuwa kamar yadda ruwa ke janyewa daga fadama, ba ka ganin tafiyatai, sai dai wata safiya ka ga ƙasa ta fito har ana iya shuka. Har yau in gulbi ya cika nakan tuna Umaru. Sai in ce, ya Allah, kai ka ɗaure wa waccan, ɗaure mani, igiyata ruɓaɓɓiya ce. Kuma shina ɗaurewa. Shekara talatin da wani abu ban rasa tafsiri ba, dauri ta bayan bango, yanzu ga rediyo a ɗaki ina ji ina gyaran shinkafa, kuma na koyi tara shinkafar in zubar da tsakuwa. Ina cin kifina, ina tsokanar jikokina, ƙafa ce kawai ke ciwo. In ka ga tsohuwa na dariya haka, ba don ba ta binne kowa ba ne.

Ga abin da nake so. Garin da ka tafi garin malamai ne, ko bayan azumi ba a rasa inda ake karatu tsakanin la'asar da magariba. Malam Tukur ya daɗe da rasuwa, Allah ya haskaka kabarinai, amma ba a rasa irinai. Ka nemi zaure ɗaya ka zauna. Kada ka tsallake tsakiyar labari. In abu ya tsaya maka ka tambaya, kai namiji ne, ba mai jifanka da faifai. In kuka ya zo ka bar shi ya zo, ɗakinka ne kai kaɗai, ba mai ba ka lambar yabo don ka haɗiye. In ka ji cikinka wayam kada ka firgita ka ce imaninka ya tafi. An taɓa yi wa wadda ta fi mu haka, kuma ba a bar ta ta nutse ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Ka yi shi da kyau, kada ka doki yaran mutane don haushin da ba su sunka jawo ba. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini. Wankinka kuma ka yi da kanka, kada in ji wata bazawara ta Nasarawa ta fara kawo maka tuwo ban sani ba, ni ce uwargida, sai da izinina.

Allah ya tsare mani kai a tafiya da zama. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin tunanin da ke zuwa in mutum ya kaɗaita. Allah ya jiƙan Safiya da Umaru da kakanka, ya sa suna cikin ni'ima. Allah ya raya takwarata bisa hannun ubanta. Allah ya ɗaure maka zuciya da ɗaurin da ba ya kwancewa. Amin. Uwarka na gaishe ka, ba ta san na rubuta wannan ba, kuma in ka faɗa mata zan ce ƙarya kake yi.

Ni ce matarka ta fari, Hajo 'yar albasa.

Af, saura bashin ka-cici-ka-cici. Na san ka gane tun shafin farko, amma ka yi kamar ka kasa, don garina nake so. Ba ni Argungu, da kai a cikinta, ranar Juma'ar farko ta watan gobe. Yanzu tafiyar ba ta kai ta dafa wake ba. Ka shigo ka zauna bisa tabarmata, in ɗora maka Hajo a cinya, in kori kowa daga ɗakin in ja labule, sai ka kira ta da sunanta ba mai ji sai ni. Na karɓi gari.

Amsar ko, goran su ne, na masunta. Na kakanka na nan rataye a zaure, cikinai wayam, kuma bai taɓa nutsewa ba.